Naman Beryl

Talata, 3 ga Oktoba

Beryl ba ta ci ba. Na saka mata dunƙulen niƙaƙƙen nama kamar kullum, ta miƙo dogon wuyan nan nata ta duba, ta janye. Na kwashe kafin ya ɓata ruwan. Kififiya ce, ba yaro ba, wataƙila haka suke yi in sanyi ya fara wucewa.

Alhamis, 5 ga Oktoba

Da na ɗaga ta zan wanke tankin, ƙoƙon bayanta ya lotsa kaɗan ƙarƙashin babban yatsana, can wajen gefe. Na sake dannawa don in tabbatar. Bai kamata in sake ba.

Tun watan Maris take wajena a Bendigo, lokacin da Baba ya karye a ƙugu aka kai shi gidan kula da tsofaffi, aka sa gidansa na Echuca a kasuwa. Yaya Narelle ta ɗauki kare, ni aka bar min Beryl. Na saya mata tankin gilashi da na'urar ɗumama ruwa. Abinci kuwa, abin da na ga Baba yana yi tun ina makaranta shi na bi: kowace safiya ya fito baranda da niƙaƙƙen nama, ya ba tsuntsayen magfai nasu, ya kai wa Beryl ragowar bakin kududdufin bayan gida. Ban canza komai ba. Na duba na sake dubawa, ban ga inda na canza ba.

Juma'a, 6 ga Oktoba

Na gwada ganyen latas. Ko kallo.

Lahadi, 8 ga Oktoba

Wajen Baba. Ban kai ga zama ba ya ce, “Budurwata ta ci?”

Na ce tana nan lafiya.

“Ba abin da na tambaye ka ke nan ba, ɗan samari.” Sai aka shigo da shayi, ya koma ƙorafin biskit. Na tsira.

Laraba, 11 ga Oktoba

Na ɗauki rabin yini daga wurin aiki na kai ta ga likitar dabbobi, Dokta Petrakis. Ta juya ta, ta latsa, ta tambayi me take ci. Na faɗa. Ta ce, “Da kuma me?” Na ce shi ke nan.

Ga abin da na riƙe daga bayaninta. Tsokar nama zalla ba ta da abin da ke gina ƙashi, ƙoƙon kuwa ƙashi ne. A jinsin kififiya, masu dogon wuya ba sa cin ganye, masu gajeren wuya ne ke ci, don haka latas ɗina shirme ne. Abincinta: tana, gyare, ƙwarin ruwa, ƙananan kifin rafi har da ƙayarsu. In kifin teku ne sai an jiƙa gishirin ya fita. Ban da burodi, ban da abincin kare. Sannan hasken rana ta taga ba ya ƙirguwa, gilashi na tare abin da take bukata.

Ta yi mata allura. Ta ce in ba ta fara ci da kanta ba kafin ƙarshen wata, sai a ɗura mata abinci ta bututun roba, kuma a shekarunta ba ta yi alkawari ba.

Na ce ai mahaifina nama yake ba ta shekara da shekaru. Ta ce, “To da mamaki ta kai yau.”

Asabar, 14 ga Oktoba

Abincin kififiya na kanti, a'a. Kifi, a'a. Gyare ya mutu a saman ruwa tana kallon bango.

Yaya Narelle ta kira. “Warwick, kai fa ko fulawar tukunya ba ka iya rayawa.” Ta samo wani mutum a Shepparton mai kiwon irinsu, zai zo ya ɗauka ranar 28. Na ce to. Shi ne daidai, ya fi ni sani.

Lahadi, 15 ga Oktoba

Na gaya wa Baba. Na tsara maganar tun a mota yadda ba zai ji laifinsa ne ba. Na ce likita ta ce naman ne.

Ya kalle ni kamar na ce masa kogi ya koma gudu baya.

“Naman? Kai, wannan ai gaisuwa ce! Ɗan abin da bai kai farcena ba. Kana nufin shi kake ba ta a matsayin abinci?”

Na ce abin da na gani ke nan.

“Abin da ka gani daga kan baranda da kofi a hannu. Ka taɓa leƙa cikin kududdufin? 'Ya'yan kwaɗi, ƙwari, katantanwa, kifayen nan da na zuba mata daga kogi. Ita ke farautar kayanta, ta hau gungume ta sha rana. Ni zuwa nake mu gaisa.”

Ya ɗan jima yana gyara bargon gwiwarsa, sannan ya ce, “Ni ma ban gaya maka ba. Na ɗauka kowa ya sani.” Da zan tafi: “Abu mai motsi take so. Kuma kada ka tsaya mata a ka kamar mai duba mita, ka tsuguna.”

Talata, 17 ga Oktoba

Maƙwabciyata Madam Tonkin ta bar ni na tono tana a juji na takinta. Ta leƙo ta shinge ta ce, “Sai yanzu ka fara kamun kifi, ko mata ce ka samu mai cin wannan?” Na ce kusan haka.

Na sa Beryl a babbar robar wanka a tsakar gida, rabi rana rabi inuwa. Na tsuguna. Ba ta ci ba.

Alhamis, 19 ga Oktoba

Ba ta ci ba. Amma ta bi tanar da ido.

Lahadi, 22 ga Oktoba

“Ta ci?”

“Tukuna.”

Bai yi ƙorafin biskit ba yau.

Talata, 24 ga Oktoba

Da yamma bayan na dawo daga aiki. Na saki tana a ruwa na zauna a ƙasa, har ƙafata ta yi sanyi. Wuyan ya lanƙwashe gefe, sai wuf, ban ma ga yadda aka yi ba. Tanar ta ɓace. Na saki ta biyu, ita ma.

Na kira gidan tsofaffin, na roƙi ma'aikaciyar ta kai wa Baba waya. Na ce ta ci. Ya ce, “To me kake wa ihu?” Ban san ina ihu ba.

Asabar, 28 ga Oktoba

Na kira mutumin Shepparton tun da safe na ce ya dakata, likita ba ta gama da ita ba. Gaskiya ne, akwai sauran allura, kuma ƙoƙon zai ɗauki watanni kafin ya yi tauri.

Yaya Narelle ta zo ta same ni a bayan gida da shebur. Na ce tana nake nema.

Ta dubi ramin, ta dubi igiyar da na zagaye shi da ita, da baƙar ledar shimfiɗa da ke jingine da shinge. “Tana,” ta ce. “Har gwiwa.”

Gobe zan tambayi Baba zurfin kududdufinsa na Echuca. Da kuma ta wane ɓangare ya ajiye gungumen.