Ciyawar Oga Ta Fi Ƙarfin Inji

Fatakwal

Yaya Gana,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kai da su Baba da Kellu da mutanen Wulari. Yaya idon Mama? Ni lafiya lau, hannu ne kawai, shi ya sa rubutun ya karkace.

Ka san bayan gadi, yankan ciyawar gidan Oga ma aikina ne. Ni da bakina na ce ya sayi injin turawa, marar shan fetur, wanda wuƙaƙensa ke juyawa in ka tura. Na karance takardarsa tsaf. Wai a yanka duk sati, kada ciyawa ta wuce tsawon yatsa. Na ce wanda ya rubuta wannan ko akuya bai taɓa kiwo ba! Wane mahaukaci ne zai yanke ciyawa tana jaririya, ya zubar a bola?

Da Oga ya yi tafiya, na bar ta sati huɗu ta kai gwiwa, don in bai wa wani ɗan garinmu mai raguna. Jiya na tura injin, sai kwantar da ita yake yi, ta shaƙe wuƙaƙen, ta miƙe a bayana. Oga zai dawo Juma'a, kuma wanda na gada, kan ciyawar nan aka kore shi.

Yanzu da lauje nake bin ta a durƙushe, tafina duk ya fashe. Saura rabi.

Ku sa ni a addu'a. In an tambaya a gida, ka ce inji nake tuƙawa. Kada ka ambaci lauje, don gudunsa na baro Maiduguri.

Ƙaninka,
Madu