Hoton Sarƙa da Aurenka

Zuwa ga ɗana Habibu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya sanyin Jos? Innarka da ƙannenka suna lafiya, sai dai sun daina yi mini magana.

Ubanka ya yi aika-aika. Da muka je Gana sarin goro, aka kai mu wani tsohon ginin Turawa a bakin teku, inda a da ake tsare bayi kafin a loda su a jirgi. Ni da na tsaya a aji uku ban gane Turancin mai bayani ba, sai na rataya sarƙar bayin a wuya, aka ɗauke ni hoto ina washe baki.

Ran Juma'a a majalisarmu ta unguwar Limawa na miƙa wa Malam Dogo, baban Hindatunka, hoton. Na ce, "Malam, na ziyarci gidan kakanninka, suna gaishe ka." Kowa ya san asalinsu, ba mai faɗa. Aka kwashe da dariya. Shi kuwa ya ce, "Sarƙar ta yi maka kyau, Alhaji." Da la'asar aka dawo mana da kayan sa ranarku, har goron da na saro.

Gobe zan je in tsuguna a ƙofarsa. Ka sa ni a addu'a, in zuciyarka ta yarda. Ka gaida maigidanka.

Mahaifinka,
Sule Mai Goro