Inna Ta Dage Sai Ummi Ta Saba Da Ƙwai

Anti, don Allah ki agaza mini, kaina ya kulle.

Ni mai walda ne, ina aiki a wata ƙasa mai nisa. 'Yata Ummi, takwarar mahaifiyata, ban taɓa ɗaukarta ba, a waya kawai na san ta. Matata tela ce. In ta tafi shago Inna, mahaifiyar tawa, ke riƙe yarinyar, kuma tsakani da Allah da zuciya ɗaya take yi.

Kwanan baya aka fara ba Ummi abinci. Ran nan ina zaune a inuwar kwantena lokacin hutun rana, ko gumi ban share ba, ƙanwata ta turo bidiyo. Inna ta ba Ummi dafaffen ƙwai, ana ta dariya wai yarinya ta yi kumatu nan take. Na ƙura ido. Anti, ba kumatu ba ne! Leɓenta ya kumbura, ido ɗaya ya kusa rufewa, wuya ya yi ruɗu-ruɗu. Na kara wayar a kunne, can ƙarƙashin dariyar na ji numfashinta yana fita da ƙyar kamar ana busa usur. Mutane cike da ɗaki, sai ni da ke bangon duniya na ji.

Na kira matata, ta bar keken ɗinki ta ruga da Ummi asibiti. Likita ya yi mata allura, ya ce jikinta ba ya karɓar ƙwai, kuma na gaba zai iya fin wannan muni.

Ban gama farfaɗowa ba Inna ta ce wai ni ma haka nake yi ina jariri, ta yi ta ba ni kaɗan-kaɗan har na saba, ga ni nan ƙato. Wallahi ban taɓa sani ba. Yanzu ta dage haka za ta yi wa Ummi. Matata ba ta iya musu da suruka, sai dai ta kira ni tana kuka. Na gaji, Anti. Wuta na cin idona kullum saboda yarinyar nan, ashe cokali ɗaya ya isa ya raba ni da ita. Amma Inna ba mugunta take yi ba. Ya zan yi?

Mai Walda, daga nesa

Mai Walda, sannu. Allah ne ya sa ka kara wayar nan a kunne.

Abu ɗaya babu sassauci a cikinsa: kada ƙwai ya sake shiga bakin Ummi, ko na cikin kek ko biskit, sai likita ya yarda. Yara da yawa abin yakan bar su in sun girma. Wataƙila naka ma da kansa ya tafi, ba dabarar Inna ba ce. Gwajin kaɗan-kaɗan, in ma za a yi, a gaban likita ake yi. Sabon abinci a riƙa ba ta ɗaya bayan ɗaya. Da an ga kumburi, amai ko wahalar numfashi, sai asibiti.

Inna kuwa abin da ta sani take karewa, a kansa ta ga ɗanta ya rayu. Kada ka bar wa matarka wannan magana, taka ce. Kira Inna da kanka, ka fara da godiya, ka roƙe ta ta raka su wurin likita. Sannan a kara mata bidiyon nan a kunne, don ranar dariya ce ta hana ta ji. Kakar da ta ji wannan numfashin za ta fi kowa tsaron bakin takwararta. In duk da haka ta ƙi, uwar ta riƙa tafiya da Ummi shago. Inna za ta yi fushi, za ta kuma huce.

Allah ya raya Ummi, ya nuna maka ranar da za ka ɗauke ta da hannunka.