Ruwan Larai Ba Shi da Laifi

Mas'udu, ruwan Larai ba shi da laifi! Jikata Ikhlas ta gama awo!

Gafarta mini, ƙanena, na tsallake gaisuwa. Assalamu alaikum. Ina iyali? Ni lafiya lau a gidan ɗana a unguwar Mu'aither, nan Qatar, sai dai yinin kaɗaici da ciwon gwiwa.

Ka tuna kwalaben da ta cika a rafinmu bara? A jami'arsu ta Doha ta auna. Ta ce kowane rafi da 'yar dalmar da Allah ya halicce shi da ita. A sama, inda Larai take ɗiba, dalmar ba ta isa ta cutar da jariri ba. Gubar ta faro ne daga ƙasa, wurin wankin zinare.

Shekara goma matata Larai tana cewa tulunta ne ya kashe jikokinmu biyu. Korona ta ɗauke ta, ba ta ji wannan ba. Ikhlas ta rubuta mini sakamakon da Hausa, na karanta da karatuna na yaƙi da jahilci, ina dariya hawaye na zuba.

Ana gama ƙwallon duniya muna tafe. Ka tara kowa a mashayar Larai, har da masu yi da ita. Ni zan fara sha. Kowa ya zo ya gani.

Yayanka,
Ɗayyabu