Alluna Biyu, Aji Ɗaya

Rumphi

Zuwa ga ɗana Wongani,

Ina gaishe ka gaisuwar uwa, ina roƙon Ubangiji ya tsare lafiyarka da ta iyalinka a can Johannesburg, ya sa albarka a aikin fentin da kake yi. Mu nan lafiya. Ƙafar babanka ta yi sauƙi, har ya soma leƙa gonar taba. Ƙanwarka Lusungu ta sauka lafiya, an sami namiji.

Bayan haka, kaina a sunkuye nake rubuta maka. Gidauniyoyi biyun nan da suke taimakon makarantarmu, ta Lilongwe da ta coci, yanzu sun haɗa kai. Ɗaya za ta riƙe gini, ɗaya kunun yara da littattafai, kuma tare suke zagaye. Ranar Talata suka iso a mota guda. Kowacce ta ce a kai ta ajin da ta gina, sai ga su tsaye a ƙofa ɗaya suna kallon juna. Allo mai sunan ta coci yana rataye a bango, mai sunan ta Lilongwe kuma aka ciro shi daga sito. Wongani, wa zai nuna mini rubutun hannunka? Da na tsare babanka, ya ce lokacin da kake sakataren kwamitin makarantar ka bar simintin aji na biyu a waje, ruwa ya daskarar da shi, sai ka rubuta alluna biyu, wadda ta zo a rataya mata nata. Ka manta ramin ƙarya ƙurarre ne?

Ɗan kuka mai ja wa uwarsa jifa. A bakin famfo maƙwabciyarmu Nyagondwe ta ce, wai ni mai yi wa 'ya'yan mutane huɗuba kan satar mangwaro, ashe nawa aji sukutum ya haɗiye. Mata suka kwashe da dariya, na ɗauki bokitina rabi na taho. Ranar Lahadi a kujerar baya na zauna.

Amma kunyata mai sauƙi ce. Hedimasta Mkandawire, wanda ya koya maka riƙe alli, ya ce wa baƙin makarantar a hannunsa take, laifin nasa ne, ya ƙi ambaton kowa. Baƙin sun ce kunu ba zai tsaya ba, amma za su kai maganarsa ofishin ilimi, ga shi baɗi zai yi ritaya. In aka sallame shi, tsohon nan hannu rabbana zai koma gida.

Don haka na ba matar da ta shugabance su lambarka. Ranar Juma'a za ta kira. Ka ɗauka, ka faɗa mata da bakinka. In ka ƙi, ni zan hau mota zuwa Lilongwe in faɗa da nawa.

Ka gaida matarka Tiwonge da jikata Temwa, da kawunka Yotamu. Babanka yana gaishe ka, ko da yake ya so in yi shiru.

Mahaifiyarka,
Nyachirwa