Salula Cikin Rawani

Zuwa ga ɗiyata Zeinabu, a Yamai.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da abokan aikinki. Mu nan Tanout sai godiya. Innarki tana gaishe ki.

Labarin da kika ji gaskiya ne. An karɓe makullin kamiyo, babbar motar kayan da nake tuƙawa, daga hannuna, wata guda cur. Ubanki da ya tsufa yana jan kaya tsakanin Damagaram da Belbeji, yau yana tsakar gida kaji suna kallonsa.

Kuma ni na jawo wa kaina. Kin tuna da kika zo hutun bara, kika ce na'urar da kuke koyarwa ba ta san mutanenmu ba? An nuna mata hotuna tuli har ta iya gane direban da ke waya yana tuƙi, amma duk masu kai a buɗe ne. Sai bakina ya yi ƙaiƙayi. Na ce ai mu nan ba ma riƙe salula a hannu, cikin rawani muke soke ta daidai kunne, amawali ya rufe baki, hannu biyu a kan sitiyari kamar mutanen kirki. Kika ce in nuna miki. Na naɗa rawanin sallah, na tara abokaina a tasha, muka yi ta juya wuya gaban kamararki kamar angwaye. Har gyara nake miki: ki duba yadda kai ke karkata, yadda amawali ke rawa in mutum yana magana.

To, patron, maigidanmu, ya liƙa abin a motocinsa. Ranar kasuwar Belbeji Kawu Mamman ya kira daga Falanko. Kin san ba a ƙin amsa kiran babba, ba a kuma katse shi. Na soke ta cikin rawani. Muna kan ina gajiya, ko lafiyar tumaki ba mu kai ba, abin ya fara ihu. Ni da na bar lakwal, makarantar boko, a aji huɗu, ɗaliba ɗaya tak na taɓa koyarwa a duniya, wato na'urar nan, ita ce ta kama ni.

Ga dalilin da ya sa na rubuta a fili, inda 'yan tasha za su karanta. Innarki ta ce kin yi kuka, wai za ki ajiye aikin, don ana cewa kin tona asirin ubanki. Kul! Ban yarda ba, ko da wasa. Duk mai cewa ɗiyar Issa ta ci amanar direbobi ya zo ya faɗa a gabana. Ina ƙofar gida, wallahi ba aikin da zai hana ni sauraronsa. Masu bakin nan ma, ai har da su muka yi layi gaban kamarar, wani har da sa tozali.

Ba ki ci amanar kowa ba. Saurari wanda ya ci.

Kina ƙarama motata ta kife a hanyar Ollelewa, innarki tana gaba tana gyangyaɗi. Kin tashi kina ganin tana jan ƙafa, kina jin labarin raƙumin da ya tsallako hanya. Na ba da labarin nan har raƙumin ya yi launi, ya yi tabo a wuya.

Zeinabu, babu raƙumi. Dariya nake da wani aboki a waya, rami ya zo ban gan shi ba.

Innarki ba ta taɓa tuhumata ba. Sai dai duk sa'ad da salulata ta yi kuka ina shirin fita, takan ce, "Mai kira zai sake kira, ƙafa kuwa ba ta sake tsirowa." Ni kuma in mai da shi wasa, don wasa ne kawai na iya.

Da a ranar akwai abin da zai yi mini ihu, da yau tana zuwa kasuwa da ƙafarta ba a kan amalanke ba. Don haka ki koma bakin aikinki. Ki koya wa na'urar hula, ki koya mata mayafi, ki koya mata duk dabarar da za mu ƙirƙiro, don na san mu, ba za mu daina ba. In kina son ƙarin hoto, rawanin yana nan, mai shi ma ba inda za shi.

Allah ya yi miki albarka, ya tsare ki daga bakin mutane, ya sa aikinki ya mai da direbobi gida da ƙafafunsu, da na waɗanda suka ɗauko. Amin.

Zan tsaya nan. Innarki ba ta karatun boko, amma labari a Tanout ya fi kamiyo gudu, kuma wannan dole ta fara jin sa daga bakina. Tana can gindin iccen bedi tana tsince wake. Sau uku ina miƙewa in je wurinta, ina komawa in zauna.

Ni ne ubanki,
Issa direba, wanda ya yi wa raƙumi ƙazafi.