Kwalbar da Kawu Genzo Ya Bari

Amagasaki, 9 ga Nuwamba

Zuwa ga Yayana Teruo,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Lucia da yara baki ɗaya. Kullum da safe idan na kunna turare a gaban hoton Baba da Inna sai na ambaci sunanka, ina roƙon Allah ya ƙara maka ƙarfi, ya sassauta maka ciwon bayan nan da gonar kofi ta bar maka. Mu nan sanyi ya fara leƙo kai, ku kuwa na san can Burazil yanzu kuke shiga zafi. Nanae 'yata ta sauka lafiya, an sami namiji, kuma hancinka ya ɗauko sak, sai dai mu ba shi haƙuri. Gwiwata tana nan yadda ka sani, rana ɗaya ta yarda da ni, rana biyu ta yi yaji.

Na san za ka ce Tokiko ba ta ɗaukar alƙalami haka kawai, ga waya a hannu. Gaskiyarka. Sau uku ina danna lambarka ina kashewa, don maganar ta fi ƙarfin bakina. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yaya, miyar Baba ta mutu, kuma a hannuna ta mutu, yau shekara biyu ke nan ina ɓoyewa.

Ka fi ni sanin tukunyar ƙasar nan da ke bayan kantar shago, wadda ake ɗibar miyar tsoma gasasshen nama daga cikinta. Tun ranar da Baba ya buɗe shagon ba a taɓa ganin gindinta ba. A ɗiba, a zuba sabon haɗi a kan tsohon, a tafasa duk bayan kwana uku. A cikin mu 'ya'yansa kai kaɗai ya koya wa awon, ni ya ce mace ce, aure zai ɗauke ni. Sai ga shi kai ne kuka yi faɗa da shi ka haye teku, ni da aka ce zan tafi ina nan ina goge tebur har na yi furfura. Bayan rasuwarsa Inna ta ci gaba da haɗawa, kuma ba sau ɗaya ba ba sau goma ba ta ce in zo in tsaya kusa da ita in ga yadda take awo, don ba za ta dawwama ba. Ni kuwa kullum amsata ɗaya ce, gobe Inna, yau akwai mutane. Ina cikin goben nan ciwon shanyewar jiki ya ɗauke mata magana, bayan wata huɗu ta tafi. Sai na koma yin haɗin da ka: ruwan waken soya, tafarnuwa, citta, riɗi, tuffa, zuma, ina zubawa ina lasawa ina yaudarar kaina. Da zafin bazara ya zo miyar ta yi tsami, ta yi fumfuna. Na zubar da ita a magudanar bayan shago, na wanke tukunyar tas, na sayo ta kamfani a jarka. Kullum kafin ma'aikata su iso sai in tsiyaya a tukunyar Baba, in rufe da murfinta kamar abin kirki.

Babu wanda ya yi ƙorafi. Ka san mutanenmu, ba za su ce abinci bai yi daɗi ba. Su rusuna, su ce sun gode, su ɗaga labulen ƙofa su fice, shi ke nan ka daina ganinsu. Da tsofaffin masu zuwa suka ragu sai Daichi, mijin Nanae, ya kawo dabarun zamani. Aka cire gawayi aka sa gas. Aka ajiye wuƙar Baba aka kawo injin da ke yanka daskararren nama. Kowane tebur aka ɗora masa allon da ake latsawa a yi oda, aka ce kowa ya ci iya cinsa amma cikin minti casa'in. Ba na ɗora wa yaron laifi, duk abin da ya yi da yardata ya yi, kuma ɗalibai sun cika mana shago. Sai dai ɗalibi ko takalmi ka gasa masa ya tsoma a miya zai ce a ƙaro.

Kana tuna Kawu Genzo, aminin Baba mai walda a tashar jiragen ruwa, wanda teburin bakin taga ya zama kamar nasa? Shi ne mai kirana 'Yar Toka, saboda ina ƙarama ni ke kwashe tokar murhu. Shekara uku ƙafafu sun zaunar da shi a gida. Wata Lahadi a watan Satumba, da tsakar rana, sai ga 'yarsa Sumie ta turo shi a keken marasa lafiya, ya rame kamar a hure shi. Daga baya na ji cewa likita ne ya ce a bar shi ya ci duk abin da ransa ke so. Wai ya ce shi ya gaji da kunun shinkafa, a kai shi ya shaƙi hayaƙin amininsa.

Shago a cike yake maƙil ranar. Daichi bai san shi ba, ya ajiye su a tebur kusa da banɗaki, ya miƙa masa allon nan, ya ce masa lokacinsu ya fara, minti casa'in ne. Ina daga kicin na ji Kawu yana dariya yana tari, wai ikon Allah, likita ya ƙidaya masa kwanaki, yanzu mai gashin nama ma ya ƙidaya masa mintoci, saura mai wanzanci. Yaya, na gan shi da idona. Ƙaramin murhun gawayi yana nan a sito, wuƙar Baba tana nan a naɗe cikin tsumma, akwai haƙarƙari mai kyau da aka kawo da safen nan. Minti goma ya ishe ni. Amma na ce bari in gama wannan odar tukuna, daga ita kuma sai wata. Goben nan tawa ce ta sake dawowa. Aka kai masa harshen saniya an yanka shi kamar takarda, tsakiyarsa da ƙanƙara. Ragar gashin ta yi baƙi ƙirin da ƙonannen kitsen waɗanda suka tashi, ba wanda ya canza ta. Kai ka san Baba, tsakanin naman gishiri da naman miya sai ya canza raga ba tare da an roƙe shi ba, yana cewa wanda ya jira baƙo ya ɗaga hannu ya riga ya makara.

Sai da na ga ya tsoma yankan haƙarƙari a miya sannan na fito ina goge hannu. Ya daɗe yana taunawa, idonsa a rufe. Sannan ya ajiye tsinkayen cin abincinsa a hankali, ya dube ni, ya ce 'Yar Toka an tsufa, har an fi shi tamoji. Muka yi dariya. Sai ya tambaye ni yaya tukunya, tana lafiya? Na ce lafiya lau take Kawu, kamar kullum. Ya kalle ni kallon da ban taɓa mantawa ba, ya gyaɗa kai, ya ce madalla, abinci ya yi daɗi, ya ƙoshi, ya gode. Yanka biyu kacal ya ci. Daga cikin keken ya sunkuyar da kai wajen tukunyar, ba wajena ba. Bayan mako uku ya rasu, kuma wannan ne nama na ƙarshe da ya shiga bakinsa. Na ji kunya wadda ban taɓa jin irinta ba, har a wajen jana'iza a can baya na tsaya. Da-na-sani ƙeya ce.

Kwana goma bayan haka Sumie ta zo shago kafin mu buɗe, riƙe da wata kwalba a naɗe cikin ƙyalle. Ta ce shekarar babbar girgizar ƙasa, bayan tafiyarka, kantar shago ta faɗo dab da tukunyar, Baba ya tsorata. Sai ya ɗebi ludayi biyar na miyar ya kai wa Kawu ajiya, ya koya masa awon, ya sa shi rantsuwa cewa ba zai faɗa wa kowa ba. Shekara talatin tsohon nan yana ciyar da kwalbar a kicin ɗinsa. Ko da ƙafa ta ƙi, sai ta tura shi gaban murhu ya kore ta waje, wai 'yan leƙen asiri su ba shi wuri. Ta ce ranar da suka koma daga wurinmu da yamma ya ce bayan ransa a kai wa 'Yar Toka kayan ubanta. Wai a gaya mini bai yi fushi ba, amma in daina yi wa tsofaffi ƙarya, don harshe ne ƙarshen abin da ke mutuwa a jikinsu. Sumie ta roƙe shi ya faɗi awon ta rubuta, ya ƙi. Ya ce shi mai ajiya ne kawai, mai abu yana Burazil yana kumburi, in cire girman kai in tambayi yayana.

Na lasa da bakin cokali. Ita ce, Yaya. Na zauna a kan buhun shinkafa na yi kuka kamar ranar da aka fitar da Baba.

Ga halin da ake ciki. Ina tafasa ta duk kwana uku don kada ta lalace, amma ban ƙara mata ko ɗigo ba, don hannun nan nawa ya riga ya kashe guda. Kowace tafasa kuwa raguwa take yi. Na ɗaura zare a jikin kwalbar ranar da aka kawo ta, yau ta sauka ƙasa da zaren sosai, abin da ya rage bai fi yatsa uku ba. Na san ka rantse ba ka ba shagon nan, kuma ban manta abin da Baba ya gaya maka a bakin ƙofa ba, bai kyauta ba. Ba cewa nake ka yafe masa ba, ba kuma cewa nake ka zo ba. Awon kawai nake roƙo, ludayi nawa na me, me ake fara zubawa, wuta yaya. Idan ka manta, ka faɗa mini gaskiya, kada ka yi irin nawa. Na riga na fito da murhun gawayi na ajiye a teburin bakin taga, na kai wuƙar an wasa, kuma na gaya wa Daichi da Nanae abin da ke cikin tukunyar. Jarkar ma na daina ɓoye ta.

Ka gaishe mini da Anti Lucia, ka ce na gode da kofin da ta aiko. Ka gaida 'yarka Akemi da mijinta, da ɗanka Paulo sarkin ƙin aure. Nanae da Daichi suna gaishe ka, Sumie ma ta ce in miƙa gaisuwarta. Allah ya bar zumunci, ya sa mu gana da alheri. Kada ka tsaya neman takarda da tambari, ka bugo waya ko da wane lokaci ne, alƙalami yana nan kusa da murhu. Ranar Laraba zan sake tafasawa.

Ƙanwarka mai kunyar haɗa ido da kai,
Tokiko